Inshorar lafiya a Katsina da jinyar ƙwaƙwalwa: inda take biya, inda take ƙi, da inda ake kai kuka

Duk wanda ake yankar kuɗin inshorar lafiya daga albashinsa a Katsina ya san tana taɓukawa a kan zazzaɓi, hawan jini, awon ciki da haihuwa. Inda ba a cika gwada ta ba, inda kuma ta fi ba mutane kunya, shi ne ranar da lalurar ta zama ta ƙwaƙwalwa: saurayi ya daina barci ya koma magana shi kaɗai, mai jego ta juya wa jaririnta baya, ko yaro ya nutse cikin tramadol har ya fara faɗuwa yana jijjiga. A wannan ɓangaren kaɗai sharhin nan ya tsaya. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, a kan taɓin hankali tsarin yana da amfani na gaske ga wanda ya iya bin takardunsa, a kan jinyar shaye-shaye ya gaza ƙwarai, hanyar ƙorafi kuma tana nan amma ba mai nuna maka ita sai ka matsa.

Kafin komai a duba wane kati ne a hannu, domin ba gida ɗaya ake kai kuka ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda mutane har yau suke kira da tsohon sunanta, NHIS. Dokar 1999 ce ta kafa NHIS, ta fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da ita NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Tsakanin wannan ma'aikaci da asibiti akwai kamfanin da ake kira HMO, shi ke ba da izinin manyan ayyuka, shi ke biya. Ma'aikacin jiha yana ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, da aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Akwai masu katin kyauta na asusun BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, su kuma ƙofarsu ita ce ƙaramin asibitin unguwa. Sai ma'aikatan bankuna, kamfanoni da ƙungiyoyi, waɗanda sharuɗɗansu ke cikin yarjejeniyar da wurin aikinsu ya ƙulla da wani HMO.

Wanda ya gane yadda kuɗin ke tafiya ya gane rabin dalilin ƙin da ake yi masa. A tsarin tarayya, asibitin da ka zaɓa a matsayin na farko ana biyansa kuɗi tsayayye duk wata a kan kanka, ka zo ko ba ka zo ba. Sama da shekara goma kuɗin nan yana naira 750, sai a 2025 ya kai naira 1,450. A cikinsa ake ganin likita, a yi ƙananan gwaje-gwaje, a ba da magani. Ganin likitan ƙwaƙwalwa kuwa aikin mataki na biyu ne, ana biyansa aiki-aiki, kuma sai HMO ya ba da lambar izini, wadda kowa a asibiti yake kira kod. Kowane kod kuɗi ne da zai fita daga hannun kamfanin. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba kafin a gane me ya sa yake jinkiri.

Ga yadda abin yake faruwa a teburin inshora. Dattijo ya zo da ɗansa, fayil a hammata. Ma'aikacin teburin ya ɗauki hoton takardar likita da waya, ya tura wa kamfanin, ya ce a zauna a benci. Aka yi azahar, shiru. Dattijon ya koma ya ce, "Malam, har yanzu ba labari?" Aka ce masa, "Baba, sai haƙuri, sun ce ba ya ciki." A nan yawancin mutane suke naɗe takardunsu, mai hali ya nufi wurin biya, marar hali ya nufi tasha. A nan kuma ake asarar haƙƙi, domin wannan amsa tana iya nufin abubuwa da dama, kowanne da hanyar gyaransa. Abin da ya kamata dattijon ya ce shi ne, "Malam, mene ne ba ya ciki? Yaron, ko ciwon, ko maganin, ko asibitin? Wa ya faɗa, da ƙarfe nawa? Don Allah rubuta mini." Ƙin da aka yi da baki ba hukunci ba ne tukuna.

Mafi sauƙin gyara shi ne tsallake mataki. Hankali ya tashi a gida, an ɗauki majinyaci kai tsaye zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau a kan hanyar Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ba tare da an bi ta asibitin da ke rubuce a kati ba. HMO zai ce ba takardar turawa, kuma a ka'ida yana da gaskiya. Wani daga cikin dangi ya koma asibitin farko ya karɓo takardar, a tabbatar kuma asibitin da aka je yana da rajistar yin wannan aiki a ƙarƙashin inshorar. Gaggawa ce kaɗai ta fita daga wannan layi. Sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Tun daga 1 ga Afrilun 2025 kuma NHIA ta umarci kamfanonin HMO su amsa buƙatar kod cikin awa ɗaya, ta ce a gaggawa a fara jinya sannan a nemi kod cikin awa 48. Wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, ko yake jijjiga, ko ya ɗauki makami a kan mutanen gida, ko ya kwana biyu ba ci ba sha, duk gaggawa ce. A roƙi likitan da ya fara ganinsa ya rubuta haka a fayil, da lokacin isowa.

Dalilin ƙin da ya fi zafi shi ne na shekaru. Inshorar ma'aikacin tarayya tana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya ko miji, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. A gidan mai mata biyu da 'ya'ya goma sha biyu, wannan lissafi ya bar fiye da rabin gida a waje tun kafin a yi maganar ciwo. Sai a haɗa da abin da duk likitan ƙwaƙwalwa ya sani: sikizofireniya, ciwon da ke sa jin muryoyi da zargin mutane ba dalili, ya fi fara bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, kuma a wannan tsakanin ne shaye-shaye ke kama matasa. Wato inshorar tana sakin hannun yaro daidai lokacin da ya fi buƙatarta. Ƙorafi ba ya aiki a nan, tunda ka'ida aka bi. Abin yi shi ne a riga ciwon: kafin yaro ya cika 18 a tambayi yadda ake ƙara shi da biyan kuɗi na daban, ko a yi masa rajistar kansa a shirin GIFSHIP na NHIA ko na masu sana'ar hannu a hukumar jiha. In ɗalibin babbar makaranta ne a duba rasit ɗin rajistarsa, sau da yawa an riga an biya kuɗin inshorar ɗalibai ta TISHIP a ciki ba wanda ya lura. Sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin kati ya fara aiki, saboda haka wanda ya bari sai ranar da ciwo ya tashi ya makara.

Sai abin da likita ya rubuta, wanda a ganinmu nan ne ya fi cancantar a tsaya. Littafin ka'idojin NHIS na 2012 ya ba jinyar taɓin hankali gurbi, amma ya jera shaye-shaye cikin abubuwan da aka cire gaba ɗaya, layi ɗaya da raunukan tarzoma da na wasanni masu haɗari. Wannan tunani ya zauna a kan masu tantance takardu, kuma da yawa daga yarjejeniyoyin kamfanoni suna da irin layin. Mai tantancewar nan bai ga majinyacin ba, bai ji ta bakin mahaifiyarsa ba, layi biyu kawai ya gani a waya. In layin ya ce shan ƙwaya, ya rufe. Alhali a ɗakin likita abubuwan biyu sukan zo a cakuɗe. Akwai yaron da wiwi ce ta rikita shi. Akwai kuma wanda ya daɗe yana jin muryoyi, ya koma shan wiwi ko ƙwaya don ya samu barci. Na biyun nan ciwonsa na asali taɓin hankali ne, kuma haƙƙinsa ne a biya masa.

Asibitoci suna rubuta ciwo da lambobin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. F20 sikizofireniya ce, F31 ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, F32 ciwon damuwa mai tsanani, F11 dangin tramadol da kodin, F12 wiwi, F19 haɗa kayan maye iri-iri. Likitan da, saboda cunkoso, ya rubuta F19 kaɗai ga yaron da ya shekara biyu yana zargin ana sa masa guba tun kafin ya taɓa komai, ya rufe masa ƙofa ba da niyya ba. Ba muna cewa a roƙi likita ya canza gaskiya ba. Wannan zamba ce, tana iya cin lasisinsa, kuma likita na gaba zai gina jinya a kan ƙarya. Abin nema shi ne gaskiya cikakkiya: wanne ya riga wanne, akwai mai irin ciwon a dangi, alamun sun ci gaba bayan an yi kamar wata guda ba a sha komai ba? Wannan na ƙarshen babbar hujja ce a wurin likitoci cewa ciwon yana tsaye da ƙafarsa. Shi ya sa wanda ya kamata ya shiga wurin likita shi ne wanda ya san tarihin, galibi uwa ko babbar yaya, ba kawun da ya kawo su a mota ba. Kunya ma tana ɓata wannan aiki. Iyalin da suka ɓoye cewa an yi shekara ana ruƙiyya da hayaƙi kafin a zo asibiti sun ɓoye wa likita ranar da ciwon ya fara, kuma ranar nan ita ce hujjarsu.

A ɓangaren magani tsarin ya cancanci yabo, da sharaɗi. Ciwon ƙwaƙwalwa na dogon zango ne. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Wanda ya yi rikicewar farko ta sikizofireniya ana riƙe shi a kan magani shekara guda ko fiye. A tsarin tarayya majinyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne kawai, kuma ga mai shan magani kullum wannan rangwame shi ke raba ci gaba da jinya da yanke ta. Sharaɗin shi ne maganin ya kasance cikin jerin hukumar, da sunansa na asali ba na kamfani ba. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol, chlorpromazine, amitriptyline da carbamazepine sun fi sauƙin samu. Rigimar takan taso ne in likita ya sauya zuwa mai tsada. A nan dole takarda ta faɗi dalili: an gwada haloperidol, wuya ya sanƙare, ido ya juya sama, harshe ya fito, ko hannu ya riƙa rawa har ya kasa aiki. Ba tare da wannan bayani ba, mai tantancewa zai ce a koma mai arha.

Sai matsalar "babu". An rubuta magani, an je famasin asibiti, an ce ya ƙare, a saya a waje. Kada a fita da takarda haka nan. A sa mai ba da maganin ya rubuta a jikinta cewa babu, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi, a saya a kantin magani mai rajista, a karɓi rasit mai sunan majinyaci da sunan maganin. Da waɗannan biyun ake neman a mayar da kuɗi. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne mai allurar wata-wata, irin fluphenazine. Ɗan katin da ke aljihunsa yana da layi uku: ranar da aka yi, adadin da aka yi, ranar dawowa. In ranar dawowa ta zo ba kod ko ba allura, ba a ganin komai a makon farko, shi ya sa iyali suke sakin jiki. Bayan wasu makonni barci ya fara raguwa, zargi ya dawo, sai a wayi gari ana neman gado. Allurar da aka yi jinkirin amincewa da ita ta fi kwanciya arha nesa ba kusa ba, kuma wannan lissafi ne da ya kamata a rubuta wa HMO ƙarara.

Kwanciya tana da iyakar kwanaki a shekara, kuma kod ɗin da aka bayar ran shiga na wasu kwanaki ne ƙididdigaggu. A tambayi adadinsu tun ranar farko, a nemi ƙari kwana biyu kafin su cika.

A kan shaye-shaye zalla, ba za mu yi wa tsarin kara ba. Binciken ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tallafa, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018 ɗin ne gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Jinyar gaske tana da hawa uku: raba jiki da ƙwayar a gaban likita, wanda kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, sai zaman gyaran ɗabi'a na watanni, sai bibiya bayan sallama. Tsarin da ya cire wannan duka ya tura iyali su biya daga aljihu a sashen masu shaye-shaye na asibitocin ƙwaƙwalwa, ko su nemi cibiyar NDLEA, ko su kai yaro gidan mari. Mutanen Daura ba su manta watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani irin wannan gida, da yawansu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba maƙiyansu ba ne. Sun duba inda ƙarfinsu zai kai ne.

Hujjar da ake kafawa ita ce mai shaye-shaye shi ya jawo wa kansa. Ba a faɗa wa direban da ya yi gudun ganganci haka in an kawo shi da karaya. Kuma akwai mai sikila da ta saba da allurar pentazocine a gadon asibiti, akwai lebura da ɗan acaɓa da suka fara tramadol don jiki ya ɗauki aikin yini. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsaya a kan haƙƙin majinyaci da hana nuna masa bambanci. Kamata ya yi NHIA da hukumar jiha su sa aƙalla hawa na farko da bibiyar waje cikin abin da ake biya kai tsaye. Kafin nan, iyali su san cewa jijjiga, rauni, ciwon hanta, ciwon huhu da ciwon damuwa da suka zo tare da shaye-shaye cututtuka ne masu sunan kansu, a nemi kod ɗin kowanne daban, in an ƙi a nemi dalili a rubuce.

Yanzu ga ƙorafin kansa. Ana fara shi ne a ranar da aka ƙi, ba bayan sallama ba. In an ƙi ba da takarda, ka ƙirƙiri shaidarka: tura saƙon tes ko imel ga lambar HMO da ke bayan kati, ka sa sunan majinyaci, lambar katinsa, asibitin, abin da likita ya nema, ranar da lokacin da aka nema, ka ce kana son dalilin ƙin da sashen ka'idar da aka dogara da shi. Ka ɗauki hoton saƙon. Sau da yawa wannan kaɗai yana fito da kod, domin wani lokaci buƙatar ba ta ma isa kamfanin ba, ko ta isa da lambar kati ba daidai ba, ko sunan majinyaci ya faɗi daga jerin watan.

In dalilin na jinya ne, wato sun ce kwanciya ba ta zama dole ba ko maganin ya yi tsada, rahoton likita ne zai yi faɗan. Rahoto mai layi uku da ke cewa ana jinyarsa a taimaka masa ba ya motsa kowa. Mai aiki shi ne wanda ya faɗi sunan ciwo da lambarsa, ranar farawa, abin da aka gwada da adadinsa da tsawon lokacinsa da yadda ya ƙare, sannan abin da zai faru in ba a yi ba. Ga mai shaye-shaye, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, ASAM, ta daɗe da ma'auni mai fuska shida da likitanmu zai iya aro: haɗarin da ke cikin yanke ƙwayar, sauran cututtukan jiki, halin ƙwaƙwalwa, shirin majinyacin na dainawa, yiwuwar komawa, da yanayin gidan da zai koma. Fuska ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi ƙarfi a nan. In dilan yana bakin layinsu, in wansa ma yana sha, in ba mai tsare magani a gidan, a rubuta. Bayan rahoto, a roƙi likitan ya kira likitan kamfanin su yi magana baki da baki. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, layinsu dogo ne, don haka a tafi da lambar wayar a shirye, a kuma nemi taimakon sashen walwalar majinyata na asibitin, su suka saba da wannan zirga-zirga.

In kamfani ya tsaya a kan bakansa, a hau sama. Mai katin tarayya ko na kamfani ya rubuta wa ofishin NHIA na jiha a Katsina, tunda ita ke ba kamfanonin HMO lasisi, ita ke iya ladabtar da su. Mai katin jiha ya rubuta wa KTSCHMA. Wasiƙar shafi ɗaya ta isa: wane ne, me aka nema, yaushe, me aka amsa, me kake so a yi, zuwa wace rana. A haɗa kwafin kati, takardar turawa, rahoton likita, rasit da hoton saƙonni, a riƙe na asali a gida. A buga kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a ɗaya ya dawo maka da shi. Wasiƙar da ba ta da wannan hatimi, in ta ɓace, kamar ba a kai ba. In laifin na asibitin gwamnatin tarayya ne, kamar karɓar kuɗi a kan abin da inshora ta riga ta biya, akwai teburin karɓar ƙorafi na SERVICOM a ciki. Bayan waɗannan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke aiki kyauta tun 1975, da hukumar kare masu saye ta FCCPC. Mai katin tarayya da asibitinsa na farko ya gaji da shi yana da damar sauya shi bayan wata shida.

Ma'aikacin kamfani yana da ƙarin makami, wato ofishin kula da ma'aikata, domin su ke sabunta kwangilar HMO duk shekara. Amma a yi hattara. Rahoton likitan ƙwaƙwalwa sirri ne, kuma a garin da kowa ya san kowa, takarda ɗaya da ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya taɓa aure ko aiki. A gaya wa ofis an ƙi kod, a ba su lamba da kwanan wata, rahoton kuwa ya tafi hannun likitan kamfanin ko jami'in hukuma kaɗai, a cikin ambulan a rufe, da yardar majinyacin matuƙar yana cikin halin bayarwa.

Raunin wannan hanya yana fitowa fili in aka dubi Amurka, inda aka daɗe ana wannan rigima. Dokarsu ta 2008 ta hana kamfanin inshora tsaurara sharuɗɗan jinyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye fiye da na sauran cututtuka. Dokar 2010 ta ba wanda aka ƙi kwana 180 ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, kamfanin ya amsa cikin kwana 30 in ba a yi jinyar ba tukuna, kwana 60 in an riga an yi, awa 72 in gaggawa ce. In bai gamsu ba, ya kai wa masu bita na waje da ba su cin albashin kamfanin, kuma hukuncinsu dole ne a kansa. Ko a can ana ƙin mutane da yawa, har ta kai ga manyan shari'o'i. Amma mai ƙorafi ya san ranar da za a amsa masa, ya san kuma wani likita na daban zai karanta fayil ɗinsa. Umarnin awa ɗaya na 2025 mataki ne mai kyau a kan kod. Abin da muke son gani a kowane teburin inshora a Katsina da Daura shi ne takardar ƙi mai dalili a rubuce, da wa'adin amsa ƙorafi a manne a bango da Hausa.

Yayin da takarda ke yawo, jinya ba ta tsayawa. Kada a yanke maganin ƙwaƙwalwa don ana jiran kod, a sayi na mako ɗaya ko biyu a ajiye rasit, a gaya wa likita halin aljihu don ya zaɓi abin da za a iya ɗorewa a kai. Kada a kulle mai shan diazepam ko rochi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya, yankewar farat ɗaya tana kawo jijjiga mai iya kisa, a hankali likita ke rage su. Wanda ya yi makonni bai sha tramadol ko kodin ba, jikinsa ya daina ɗaukar adadin da ya saba, in ya koma a kan tsohon adadin numfashinsa na iya tsayawa, don haka makonnin farko bayan sallama su ne na sa ido sosai. NDLEA tana da layin shawara na kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Ranar sallama kuma, kafin a bar asibiti, a koma teburin inshora da katin ganin likita na gaba a nemi kod ɗinsa tun a ranar, a rubuta lambar a bayan katin, a karɓi maganin da zai kai har ranar dawowa da ƙarin kwana uku.